Sassabin Zamani: Yadda Muka Yi a Garinmu, da Yadda Za Ku Fara a Naku

Ruwan shuka na bana da dare ya zo mana, da iska a gabansa, irin iskar gabas ɗin nan mai tashi da rairayi ta shiga ido ta shiga tukunya. Da safe muka fita da sungumi, yara na biye da ƙwaryar iri. Kwana tara bayan haka wata iskar ta sake tasowa, babu ko ɗigon ruwa a bayanta. Duk manomin jigawa ya san abin da ke biyo wa: hatsi ya fito kamar allura, rairayi mai zafi ya bi ta kansa, ya yanke shi ko ya binne shi. Da gari ya waye na nufi gona gabana na faɗuwa. Na tarar da shukata tsaye, in ban da ƴan layukan bakin gabas. Surukina da ke noma a wani gari, tafiyar awa guda a amalanke daga wurinmu, sai da ya yi shuka sau uku kafin ta kama. Ƙasarmu iri ɗaya, irin ma ni na ba shi. Tawa gonar dai tana da sabara da kalgo da gawo a tsaye, tasa kuwa fayau take kamar filin idi.

Tun daga ranar yake matsa mini in je in nuna musu yadda ake yi, kuma ba shi kaɗai ba, duk ranar kasuwa sai wani ya tare ni da tambayar. To ga amsar a rubuce, iyakar abin da hannuna ya taɓa. Mu gida ashirin da uku ne a wani ƙaramin gari gabas da Maradi, ta hanyar Tasawa. Shekara tara ke nan da muka ɗauki alkawari tsakaninmu cewa za mu zauna da ƙasar nan zaman amana: ba mai saran ɗanyen itace a gonar wani, ba mai ƙone sassabe, ba mai sayar da hatsinsa kaf da kaka ya dawo neman bashi da damana. Muna da rumbun gari, mata na da asusunsu, muna da ranar gayya. Amma uwar duka ita ce sassabin zamani, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Ga wanda bai sani ba, babu dashe a cikin wannan aiki. Ba ka sayen tsiro a leda, ba ka ɗaukar ruwa a jarka kana bi kana zubawa. Itatuwan da iyayenmu suka sare ba su mutu ba. Kututturansu na nan cikin gona, saiwoyinsu sun nutse can inda danshi yake, kowace shekara suna fitar da toho, mu kuma kowace bazara mu bi su da adda mu sare, mu tara, mu cinna wuta, mu ce mun yi sassabe. Abin da ake so kawai ka bar wasu daga cikin tohon nan, ka gyara su, ka tsare su har su zama itace.

A nan jiharmu abin ya samo tushe. Wani ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maradi, ya yi ƴan shekaru yana dashen itatuwa, yawancinsu na mutuwa. A 1983 ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, ya duba ganyen, ya gane itace ne da aka sare yake neman tashi. Ya fara da manoma kamar goma sha biyu, mutane na yi musu dariya. Sai farin 1984 ya zo, aka haɗa aikin da rabon abinci, garuruwa da yawa suka shiga. A shekarar ce kuma aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan Maradi, zamanin Janar Seyni Kunce. Da rabon abinci ya ƙare, mafi yawan itatuwan da aka raya aka sare su. Ƴan kaɗan ɗin da suka bar nasu suka ga amfani, maƙwabta suka gani a gonarsu, abin ya yi ta tafiya daga gona zuwa gona. Da masana suka auna da hotunan sama, suka iske wajen hekta miliyan 5 sun sake yin kore a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, shekara ɗaya da marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, mai raya fako da ramukan tassa.

Na kawo tarihin ne saboda abu guda da ke cikinsa. Itacen da aka raya don buhun abinci, ranar da buhu ya daina zuwa ranar gatari ke hawansa. In kuna jiran furoje, wato wani shirin taimako, ya zo ya ba ku wani abu kafin ku fara, ku dakata tukuna, lokacinku bai yi ba.

Zama kafin adda

Shi yankan tohon, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai koye shi a wuni ɗaya. Tsaro ne ke kayar da mutane. Kai ka raya, wani ya bi dare ya sare; in aka yi maka haka sau biyu ba za ka yi na uku ba. Shi ya sa mutum ɗaya ba ya daɗewa a wannan aiki shi kaɗai. Sai gari, ko aƙalla masu gonakin da suka haɗa iyaka.

Mu sai da muka zauna sau huɗu kafin adda ta taɓa komai. Zaman farko a zauren mai gari aka yi, maza zalla, muka yanke cewa daga yau an hana saran ɗanyen itace, muka shafa fatiha muka watse muna jin mun gama. A zama na biyu sai ga yayar mahaifina ta dogaro sandarta ta tsaya a bakin zaure.

"Ɗan nan, kai ne ka kawo wannan magana?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

"To in kun hana sara, da me za mu dafa muku tuwo? Kara kun ce a bar wa gona, kashin shanu kun ce taki ne. Wa kuka tambaya a cikinmu?"

Zaure ya yi tsit. Mai gari ne ya fara magana, ya ce, "Gaskiyarki, Yaya. A shimfiɗa musu tabarma." Daga ranar ba a sake zaman itace babu mata ba, kuma da ba ta zo ba, na tabbata dokarmu ba za ta kai kaka ba.

Don haka ku kira duk wanda hannunsa ke taɓa itace. Mata, don su ke girki. Ardo da mutanensa, don su ke kiwo. Masassaƙa masu turmi da taɓarya, maƙera masu neman gawayin kirya, masu magani da ke ɓare ɓawo su tono saiwa, samari masu amalanke da ke kai itace birni. Liman ya zauna, mai gari ya zauna. Wanda ba a kira ba zai ɗauka don shi aka yi dokar, kuma shi zai fara karya ta. Ku bar kowa ya faɗi abin da yake tsoron rasawa, kada ku katse shi, ko da kun san amsar.

Tsakanin zama na uku da na huɗu muka tara kuɗin mota muka aika mutum huɗu Dan Saga, a yankin Agye, garin da ya yi suna a wannan aiki. Abin da suka fi dawowa da shi shi ne tsarin kwamitin tsaro, yadda can suka sa mata da makiyaya a ciki. Muka kwaikwaya. Namu mutum bakwai ne: maza uku, mata biyu, saurayi ɗaya, da ɗan ardo. Ina ba kowa shawara ya yi irin wannan tafiya. Manomi ba ya yarda da baki kamar yadda yake yarda da gonar ɗan'uwansa.

Dokokin kada su yi yawa. Namu a littafin lakwal aka rubuta su, da boko da ajami, shafi ɗaya bai cika ba. Itacen da ke gonarka naka ne, kai ke yanka shi, amma ba a tumɓuke kututture. Itacen gonar wani sai da izininsa, ko reshe ɗaya ne. Ba a sa wa sassabe wuta. Mai magani ya ɓare gefe guda, kada ya zagaye itace. Wanda aka kama ya biya tara, rabi na mai gona, rabi ya shiga asusun gari. Duk bayan girbi a sake karanta su a bainar jama'a, wanda ke da gyara ya kawo.

A gona

Ku fara da bazara, lokacin da kuka saba sassabe. Kafin ka sari komai, ka zaga gonarka da ƙafa tun daga wannan iyaka har waccan, ka ƙirga kututturan da ke da toho. Za ka yi mamaki. Ni a gona mai hekta biyu, wadda na rantse babu itace a cikinta sai gawo ɗaya na kakana, na ƙirga sama da ɗari biyu. Ba duka za ka raya ba a shekarar farko. Ka fara da kamar arba'in a hekta, wato wajen taku ashirin tsakanin wannan da wancan. In ka ga yadda hatsi ya yi, kai da kanka za ka ƙara. Ka fi cika bakin gabas, ta nan iska ke shigowa.

Ga kututturen sabara a gabanka, ya fitar da tsumagu kamar ashirin ko talatin, sun cunkushe suna cin juna. Tsuguna ka buɗa su da hannu, ka duba da kyau saboda maciji na son wurin. Zaɓi waɗanda suka fi kauri da miƙewa, uku zuwa biyar. Sauran ka yanke su daga gindi. Dalilin barin fiye da ɗaya: in akuya ta karya wannan ko ɓarawo ya ɗauke, akwai saura, kuma kowace shekara kana iya cire ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar wanda ya fi kyau ya zama uban itace.

Waɗanda ka zaɓa, ka aske musu ƙananan rassa daga ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, ka tsaya nan. Adda ta zama mai kaifi sosai, ka kai ta wurin maƙeri tun kafin ranar. Riƙe tsumagiyar da hannun hagu, ka kai sara daga ƙasa zuwa sama. In ka saro daga sama, reshen zai tafi da ɓawo ya bar doguwar tsaga fara a jikin itacen, ta nan gara da ciwo ke shiga. Yankan da ya yi daidai ɗan zagaye ne kamar kwabo, sumul, ba ya da gemu. In ka gama, ka haɗa tsumagun ka ɗaure su sako-sako da kaba ko ɓawon kalgo don su tallafi juna, ka ɗaura ɗan jan tsumma a saman ɗaya. A garinmu kowane yaro ya san jan tsumma na nufin wannan itace yana da mai shi.

Wancan "rabin tsayi" da na ce, da hasara na koye shi. A shekara ta biyu na yi gaggawar samun dogayen sanduna na rufin ɗaki, na aske sabarata har sama, na bar ɗan tukku kawai. Suka yi tsawo ba kauri. Iskar farkon damana ta karya goma sha ɗaya a dare guda, waɗanda suka tsira tumaki suka lanƙwasa su da rani. Sai da na koma farko a kansu, shekara biyu ta tafi. Ganye shi ke ciyar da itace, in ka raba shi da ganyensa ka raba shi da abincinsa.

Abin da ka yanke kada ka kwashe ranar. Baza shi a ƙasa ya yi mako ɗaya ko biyu, ganyen ya kaɗe ya zauna a gona, sannan a tattara ƙiraren a kai gida. Masu ƙaya kuwa, na magarya da aduwa, ka kewaye ƙananan itatuwa da su. Bayan wata biyu zuwa shida ka dawo, don sabon toho zai fito a gindi. Ni nakan bi su lokacin noman farko, adda na rataye a kafaɗa, in sake bi bayan girbi.

Wane itace za a bari? Wanda gonarka ta ba ka. A jigawarmu sabara da kalgo suka fi yawa, kuma kada kowa ya raina su. Duba gindin tsohuwar sabara, za ka ga ɗan tudu na ƙasa baƙa-baƙa mai laushi: ƙurar da iska ta kwaso daga gonakin da ba su da itace ce, da ganye, ta tara maka kyauta. Masu bincike a Senegal sun gano cewa sabara da kalgo na jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare, su saki wani a sama inda saiwar hatsi take. Mu dai abin da muka gani shi ne, in ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, hatsin da ke kusa da su shi ne na ƙarshen yin yaushi. Kalgo kuma ga igiya, ga ƴaƴa na dabbobi. Geza na kujera da rumbu. Magarya da aduwa da kanya na yara da kasuwa. Anza ma kada a tumɓuke ta. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan ya san gidaje nawa ta riƙe, ana jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita.

Sarkinsu dai gawo ne. Shi kaɗai ke zubar da ganye da damana, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba ke son inuwa. Yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa na faɗowa daidai lokacin da harawa ta ƙare. Sai dai shi sau da yawa ba daga kututture yake zuwa ba, daga kashin dabbobi yake tsirowa, ɗan siriri kamar zare mai ƙaya, kuma hauya ce babbar maƙiyiyarsa. Kafin noman farko ka bi gona ka kafa sanda kusa da duk wanda ka gani. In ka ɗauki ƴan ƙwadago, ka kai su ka nuna musu da yatsa tun kafin su sunkuya. Mai noman kuɗi sauri yake yi, ba zai tsaya tantance ɗan gawo da ciyawa ba.

Amsar tambayar Gwaggo

Shekarar farko akwai ƙunci, kada a ɓoye wa mata wannan. Ƙiraren da ake samu daga aski ba sa kai gida har damana. Abin da muka yi: duk abin da aka yanke a gandu na matan gidan ne, namiji ba ya sayar da shi. Muka bar musu rabin karan dawa, rabi ya kwanta a gona. Wasu mata biyu suka koyo ginin murhun laka mai rufaffen gefe, suka bi gida-gida suna ginawa, don murhun duwatsu uku rabin wutarsa iska yake dafawa. Daga shekara ta uku abin ya juya. Maiɗakina da can takan fita neman itace tun hantsi sai azahar, yanzu daga gona zuwa gida ne. Wata rana ta ce mini, "Malam, ka lura rabon da in ƙona kashin shanu?" Ban lura ba, sai da ta faɗa. A gamanarta ita ke zaɓen abin da za a bari, kuma zaɓinta ya bambanta da nawa: ni ina duba sanda, ita tana duba ganyen miya da ƴaƴan sayarwa.

Makiyaya

Nan ne wasu garuruwa ke faɗuwa. Suna raya itace, sai su mai da shi dalilin korar Fulani. Duk ɗan jihar nan mai shekaruna yana tuna rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka a garin Toda a 1991, ba ma fatan Allah ya maimaita mana. Kuma ko ta fuskar noma kuskure ne, don irin gawon da kuke nema a cikin dabbobinsu yake zuwa.

Da muka zauna da ardo, maganarsa ta farko ita ce burtali. Ya ce, "Malam, kuna so mu kiyaye itacenku, ku kuma kun cinye hanyarmu." Gaskiya ya faɗa. Shekara da shekaru kowa na ƙara kunya ɗaya, har burtalin ya koma kamar hanyar ƙafa, ni ma gonata ta ci. Muka fita da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, kowa ya ja da baya, muka dasa aguwa a gefe biyu. Wasu sun yi fushi, amma aka yi. Bayan haka sauran maganar ta zo da sauƙi. In hukuma ta sa ranar sakin gonaki, dabbobi su shiga. Makiyayi na iya kaɗo ƴaƴan gawo da ƙugiya, yana iya rage reshen gefe in mai gona ya yarda, amma ba a sare kan itace, ba a taɓa mai jan tsumma. Wanda ya zauna da garkensa a gonarka ya zuba maka taki, ka ba shi dammunan hatsin da kuka shirya, ka ba shi a kan lokaci. Baƙin makiyaya masu wucewa kuwa ɗan ardo ke tarbarsu ya yi musu bayani da Fulatanci, kuma sun fi jin tasa da tamu nesa ba kusa ba.

Ranar da doka ta zo gidanmu

A shekara ta huɗu aka wayi gari an sare kalgo biyu manya a gamanar wata gwauruwa mai marayu. Sawun amalanke ya kai mu har ƙofar gidan ƙanena. Ɗansa ne, ya kai birni ya sayar. Ina cikin kwamiti a lokacin. Da dare ƙanena ya zo ya same ni, ya ce, "Yaya, a rufa asiri, zan biya ta a ɓoye." Ban yi barci ba daren nan. Da safe na ce masa a gaban kwamiti za a yi, kamar yadda aka yi wa ɗan kowa. Yaron ya biya jika uku, ya yi wa matar aikin kwana biyar a gonarta. Ƙanena ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da fuska. Ya wuce, yau yaron shi ne saurayin kwamiti. Ku sa rai da irin wannan rana, za ta zo muku, kuma gari duka zai zuba ido ya ga ko dokar ta san gidan manya. Tarar kada ta yi nauyin da za ta tashi mutum daga gari, kada kuma ta yi arahar da kuɗin itacen zai biya ta har a sami riba.

Hukuma da gonar aro

Abin da ya sa iyayenmu ke kashe toho tun yana ƙarami har da tsoro. A da itace na gwamnati ne ko a gonarka yake, in ya girma ka taɓa shi ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. An sake dokar daji a 2004, sannan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka musamman kan sassabin zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya a gonarsa. Duk da haka akwai itatuwan da doka ke karewa, gawo na ciki, don haka kafin ka kayar da babba ka je ka sanar. Mu mun gayyaci ma'aikacin gandun daji na yankinmu ya zo ya ga gonakin tun itatuwan na ƙanana, muka nuna masa littafinmu. Ya fi sauƙi ya san ku kuna raya itace da ya fara saninku ranar da kuke yanka.

Gonar aro da ta jingina kuwa a yi hattara. Mai gona na tsoron in ka raya itace gobe ka ce gonar taka ce, kai kuma kana tsoron ka raya a karɓe. Ku yi magana a gaban shaidu, ko a kwamitin filaye na gari, wanda ake kira Kofo: gona ta mai ita ce, itacen da aka yanka a raba kaza. A rubuta.

Rumbun gari da asusu ba zan tsawaita a kansu ba, sai dai ku sani suna riƙe itacen ne ta bayan gida. Mutum ba ya saran gawonsa don marmari, yunwar watan Agusta ko rashin lafiyar yaro ke sa shi. Kowane gida na zuba tiya goma da kaka, a buɗe rumbu tsakiyar damana, wanda ya ci ya mayar da ɗan ƙari bayan girbi. Mata kuma na bin tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan a 1991, suna zubi duk mako. Bara da kuɗin asusun suka sayi ƴaƴan aduwa suka fasa suka tatsi mai.

Akwai abin da har yanzu ke damunmu. Tsuntsaye sun ƙaru, wannan gaskiya ne, mai dawa a kusa da manyan itatuwa sai ya sa yara tsaro. Kalgon da aka bari ba aski yana danne hatsin da ke gindinsa. Masu saran dare daga wasu garuruwa ba su daina ba, don birnin Maradi na cin itace kowace safiya, ga shi da rani samarinmu sun tafi ci-rani, masu zagayen gonaki sun ragu. Garmani kuma ya mamaye burtalin da muka sha wahalar buɗewa, dabba ba ta damu da shi ba, ya hana ciyawar kirki fitowa. Laraba mai zuwa muna da gayyar tumɓuke shi kafin ya zuba iri, mu da mutanen ardo, mu watsa irin ƙyasuwa da komayya a wurin.

Surukina kuwa na yi masa alkawarin zuwa bayan girbi, in Allah ya kai mu. Na ce kafin in iso ya yi abu uku: kada ya bari a sa wa gonarsa wuta, ya gaya wa mai garinsu a kira mata da ardo ranar zaman, ya kuma kai addarsa wurin maƙeri. Jan tsumman ni zan zo da shi.